Idan ciwo ya kama ka a ƙasar waje: likita ya amsa tambayoyin matafiya

Tambayoyin wannan makon duk na matafiya ne, daga Marwa, Garwa, Ngaundere da Njamena. Mun taƙaita su, mun cire sunaye.

Ɗan kasuwa daga Marwa: Likita, ƙanena ya je sayen kaya Gwanju a ƙasar Sin. Kwana biyar da sauka zazzaɓi ya kama shi, aka ba shi maganin mura a wani shagon magani. Sai da ya fara surutai aka kai shi asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Alhali babu sauro a masaukinsa. Ni ma ina shirin tafiya, me zan yi?

Alhaji, Allah ya ƙara masa sauƙi. Daga gida ya tafi da cutar. Ƙwayar falsifarum, wadda ita ce ta fi yawa a arewacin Kamaru da kudancin Cadi, tana ɗaukar aƙalla kwana 7 bayan cizo kafin jiki ya yi zafi, galibi kuma cikin wata guda take bayyana. Sauron Marwa ya yi cizon, a Gwanju ciwon ya fito.

Matsalar tana wajen wanda zai duba ka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Sin ta rabu da wannan cuta a 2021, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tun 2007, Masar a 2024. Mai sayar da magani a irin waɗannan ƙasashe, har ma da ƙaramin likita, mura zai fara kawowa a ransa. Mu nan kowane zafin jiki sai mu ce sauro, su can kowane zafin jiki sai su ce mura, duka biyun kuskure ne idan ba a yi gwaji ba.

Saboda haka kafin ka tashi, ka sa a rubuta maka a ƙaramar takarda da Turanci da Sinanci: "Na fito daga Kamaru ranar kaza, ina zazzaɓi, a gwada jinina don maleriya." Ka ajiye ta cikin fasfo. Da zarar zafin jiki ya kai digiri 38, ka nufi babban asibitin gwamnati a ranar, kada ka tsaya shagon magani. Ka riƙe fasfo da kuɗi, domin a can sai an biya kafin ganin likita, a sake biya kafin gwaji. Lambar motar asibiti a Sin ita ce 120. Idan gwajin farko bai nuna komai ba kuma zazzaɓin bai sauka ba, a maimaita bayan awa 12 zuwa 24. Gwaji ɗaya ba ya wanke mutum.

Ina ba da shawarar ka tafi da kwali ɗaya na artemether-lumefantrine, wanda aka fi sani da Coartem, daga farmasi mai rajista, ba na kan tebur a bakin kasuwa ba. Na ranar da ba za ka iya isa asibiti cikin awa 24 ba ne. Babba mai nauyin kilo 35 zuwa sama yana shan ƙwaya 4 na 20/120 a lokaci guda, ya sake bayan awa 8, sannan safe da yamma na kwana biyu, jimilla ƙwaya 24. Idan mai ƙarfin 80/480 ne, ƙwaya ɗaya ce kowane sha, guda 6 ke nan. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, in ba haka ba hanji ba ya tsotse shi yadda ya kamata. Wanda ya yi amai cikin awa ɗaya da sha ya sake shan wannan kashin.

Amma da zarar an ga surutai, ko barci mai nauyi da ba a iya tayarwa, ko jijjiga, ko idanu sun yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu, ko amai ya hana shan komai, to lokacin ƙwaya ya wuce. Allurar artesunate ake bukata, a asibiti. Don sauke zafi a tsaya ga paracetamol, giram 1 bayan kowace awa 6 zuwa 8. Kada a sha aspirin ko ibuprofen sai an san abin da ake ciki, domin kudancin Sin na da zazzaɓin dengi a lokacin zafi da damina, waɗannan magunguna kuwa suna iya jawo zubar jini ga mai shi.

Wata baiwar Allah daga Garwa: Ina da ciwon suga, ina allurar insulin safe da dare, ga hawan jini. Zan tafi Umra. Idan maganina ya ƙare ko jikina ya rikice a can fa?

Hajiya, Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Kafin ki tashi ki koma wurin likitanki da karnenki na asibiti, ya rubuta miki a takarda ɗaya: cututtukanki, kowane magani da ainihin sunansa na kimiyya, ƙarfinsa, da lokacin sha. Sunan da ke manyan baƙaƙe a kan kwali na kamfani ne, yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Glucophage shi ne metformin, Amlor shi ne amlodipine, Daonil shi ne glibenclamide, Doliprane da Efferalgan duk paracetamol ne. Idan da hali a yi takardar da Turanci, domin karne mai rubutun hannu da Faransanci da wuya a samu mai karanta shi a Makka. A ɗauki hotonta a wayarki da wayar wanda kuke tafiya tare.

Sai ma'aunin suga, inda ake yawan rikicewa. A nan gida da giram a lita muke faɗa, mu ce 1,26. A Saudiyya, Dubai da Indiya da miligiram suke aunawa, wannan adadin shi ne 126. A Sin da Ingila kuma 7 za su ce. Idan ma'aikaciyar jinya ta ce miki 150, kada hankalinki ya tashi, 1,50 ne na lissafin gida. Ki ninka namu da 100 ki samu na Saudiyya.

Ki ɗauki ninki biyu na maganin da kike bukata. Insulin ya zauna a jakar hannu. Wurin da ake zuba manyan akwatuna a cikin jirgi yana iya yin sanyin da zai daskarar da shi, wanda ya daskare kuwa ya lalace ko da ya narke. Wanda ba a buɗe ba yana zama a firji tsakanin digiri 2 da 8, wanda aka buɗe yana kai kimanin mako huɗu muddin zafin ɗaki bai wuce 30 ba. Ba a barin shi a mota ko bakin taga. Idan dole ta sa kika saya a can, ki duba kwalbar ki ga an rubuta 100 a kowane mililita, sirinjin ma haka. Wannan ya fi shafar masu zuwa Indiya, inda har yanzu ake sayar da mai ƙarfin 40: wanda ya zuƙi insulin mai 100 da sirinjin 40 zuwa layin 20, ya yi wa kansa 50 ne.

A Umra, faɗuwar suga ta fi ba ni tsoro fiye da hawansa. Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga tafiya daga masauki. Kada ki yi allura ki fita ba ki ci ba. Ki riƙe dabino da na'urar awonki a ƙaramar jaka. Rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ko awo ƙasa da 70 (0,70 a lissafin gida): dabino uku ko cokalin shayi uku na suga a ruwa, a sake awo bayan minti 15. Kada ki taka ƙasa ba safa, ki kuma duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowane dare, domin mai suga yana iya ƙonewa ko ya yi kanta bai ji ba. Awa biyu ne kawai tsakanin agogonmu da na Saudiyya, don haka ba sai an sake lissafin allura ba, a matsa lokacin a hankali.

Bizar Umra tana ɗauke da inshorar gaggawa, ki sa ejan ɗinku ya buga miki takardarta. Motar asibiti 997 ce, don neman shawarar likita ta waya kuma 937. Batun zafi ba na wasa ba ne: a Hajjin 2024 zafin Makka ya kai 51,8, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai ya fara rikicewa, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi ta fifita tun kafin mota ta iso. A kuma bar ɗanyen nonon raƙumi saboda cutar numfashi ta MERS.

Direban babbar mota, hanyar Ngaundere zuwa Njamena: Gudawa ce ke yawan kama ni idan na ƙetare Kuseri. Me zan riƙe a mota? Kuma takardar Carte Rose za ta biya mini asibiti a Cadi?

Malam, ba za ta biya ba. Carte Rose ta ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka, ta ɓarnar da motarka ta yi wa wani ce, ba ruwanta da ciwonka. Ka ware kuɗin asibiti daban. Sefarmu tana aiki a Cadi, amma idan hanya ta kai ka Nijar sai ka canza, tasu ta yammacin Afirka ce.

Gudawar matafiyi yawanci tana tsayawa da kanta cikin kwana uku zuwa biyar. Abin da ke kwantar da mutum ƙarewar ruwa ne. Ka riƙe fakiti goma na SRO, wato garin gishiri da suga na mayar da ruwan jiki, kowanne a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan babu, lita ɗaya, cokalin shayi 6 na suga a shafe, rabin cokali na gishiri. Kofi ɗaya ko biyu bayan kowace fita. Loperamide yana tsayar da ita don a samu a yi tuƙi, amma ba a shan sa idan akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi, ba a kuma ba yara. Mai shan metformin ko maganin hawan jini mai sa fitsari ya dakata da shi har ya koma ci da sha.

Ka tsaya asibiti mafi kusa, kada ka ce sai ka dawo gida, idan ka ga jini, ko zazzaɓi, ko awa 8 ba fitsari, ko gudawa mai yawa fara kamar ruwan wankin shinkafa. Wannan ta ƙarshe kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba ce, tana kuma iya kashe ƙaton mutum cikin awoyi. Yankin Tafkin Cadi ya saba ganin ta, musamman da damina.

Daga Njamena: Ina shan tramadol saboda ciwon baya. Zan iya shiga Dubai da shi?

Ba tare da izini ba, a'a. Tramadol da codeine suna cikin magungunan da ake sa wa ido a Daular Larabawa, Saudiyya da Masar, kuma ana ɗaure mutane a kansu. Ana neman izini ta shafin intanet na ma'aikatar lafiyar Daular kafin tafiya, da takardar likita mai hatimi, maganin yana cikin kwalinsa na asali. Kada ka karɓi saƙon magani na wani a filin jirgi. Ciwon bayan da ya sa ka shan tramadol kullum kuwa yana bukatar a sake duba shi.

Daga Ngaundere: Katina na rigakafin shawara na 2013 ne. An ce ya mutu, wani ya ce zai samo mini sabo ba sai an yi allura ba.

Bai mutu ba. Tun Yulin 2016 allura ɗaya ta shawara ta wadatar har ƙarshen rai, tsohon kati ma yana aiki. Mai yin ta karon farko sai bayan kwana 10 katinsa zai fara aiki. Indiya na iya tsare wanda ya fito daga ƙasashenmu ba kati har kwana 6. Katin saye kuwa zai iya wuce da kai gaban jami'i, amma jininka babu kariya.

Ta sanƙarau daban ce. Wadda aka yi wa jama'a a yankinmu wajen 2011 da 2012 ta nau'in A ce kaɗai. Saudiyya tana neman mai nau'i huɗu, ACWY, aƙalla kwana 10 kafin isa, tana kuma aiki shekara 3 ko 5 gwargwadon irin wadda aka yi.

Daga Garwa: An yi wa mahaifinmu aikin ciki a ƙasar waje. Kuɗin masauki na cinye mu. Yaushe za mu iya ɗauko shi?

Allah ya ba Baba lafiya. Bayan babban aikin ciki ana jira kimanin kwana 10 idan komai ya tafi daidai, domin iskar da ta rage a ciki tana kumbura idan jirgi ya yi sama, ta takura wa ɗinki. Likitan da ya yi aikin ne zai yanke, ya kuma cike takardar izinin hawa jirgi wadda kamfanonin jirage ke nema. Ku tambayi kamfanin kwanaki kafin tafiya, ku nemi keken guragu tun lokacin.

Kada ku bar asibitin sai da rahoton aikin, sakamakon naman da aka cire aka kai gwaji, hotunan sikana a faifai, ranar cire zare, da jerin magunguna da sunayensu na kimiyya. Sakamakon naman shi ake yawan bari a baya don yakan ɗauki mako ɗaya ko fiye, alhali da shi likitan Garwa zai san ko akwai sauran magani a gaba. Ku karɓi lambar waya ko adireshin da za a turo shi. Ku tambayi wane magani ne ba a samu a Kamaru, a ba ku na wata uku ko a canza shi tun can. Rasit kuma kowanne a ajiye. Idan akwai inshora, a kira lambar da ke jikin takardar yanzu, domin da yawa ba sa biyan abin da ba a sanar da su ba, kuma inshorar tafiya ba ta ɗaukar ciwon da aka tafi nema wa magani.

A cikin jirgi, wanda aka yi wa aiki yana cikin haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, musamman a tafiyar da ta wuce awa 4. Ku tambayi likitan ko Baba na bukatar safa mai matsewa ko allurar tsinka jini. A zaunar da shi kujerar bakin hanya, ya riƙa motsa ƙafa, ya tashi ya taka duk bayan awa ɗaya ko biyu, ya sha ruwa. Haɗarin yana nan har makonni bayan sauka. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ko ƙirji ya soke, kada a yi tausa, kada a gasa da ruwan zafi. A kai shi asibiti nan take, a faɗa wa likita ranar da aka yi aikin da ranar da aka sauko daga jirgi.