Jirgi zai tsaya a Fulorida, kawu na cewa ka sauka ka ɓace

Wasiƙar wannan makon daga tsakiyar teku ta zo. Mai ita ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, yana aikin wanki da guga a ɗaya daga manyan jiragen ruwan nan masu zagaya duniya da 'yan yawon buɗe ido. Ya ce: "Malam, mun taso daga Southampton, mun yada zango a Madeira, yanzu mun nufi Fort Lauderdale a jihar Fulorida ta Amurka. Kawuna ya haɗa ni da wani mutum a waya, wai in na sauka kada in koma jirgi, zai ɓoye ni ya nema min auren takarda a kan dala dubu huɗu. Kawu na cewa ni ɗan yawo ne, shekara biyu ban iya rufe ɗakin Inna da kwano ba sai aiko hotuna. Barci ya gagare ni."

Ƙanina, buɗe fasfonka a zuci ka duba bizar da ke ciki. C1/D ce, ta ma'aikatan jirgi. Iyakar abin da take ba ka kwana 29 ne, kuma a aikace ka sani izinin fitarka ɗaure yake da jirgin: ya tashi, ka tashi. Abin da mutumin wayar bai gaya maka ba shi ne dokar shige da fice ta Amurka ta ware wanda ya shigo a matsayin ma'aikacin jirgi, ta hana shi sauya matsayinsa zuwa katin zama daga cikin ƙasar, ko da auren gaskiya ya yi da 'yar ƙasa. Balle auren takarda, wanda shi kansa laifi ne mai kai mutum kurkuku. Wato ƙofar da zai karɓi dala dubu huɗu ya buɗe maka, hukuma ta liƙe ta tun kafin a haife ka. Shi ya san haka. Kai yake fata ba ka sani ba.

Sannan da me za ka gudu? Fasfo yana ofishin ma'aikata a jirgi. Katin jirgi da 'yar takardar izinin sauka kaɗai za ka fita da su. Lokacin dawowa na wucewa za a kai sunanka ga hukuma, biza ta mutu, littafin aikin tekun da ka sha wahalar samu daga NIMASA, hukumar kula da sufurin teku ta Najeriya, ya zama takardar ƙunshe ƙosai. 'Yan'uwanka 'yan Najeriya da ka bari a ciki su za su ɗanɗana, don bayan irin wannan akan ƙara matse masu fita.

Na san wani yaro daga wajajen Gumel da ya bi irin wannan shawara. Dillalin ya karɓi rabin kuɗi, ya kwana biyu yana ɗaga waya, daga nan layi ya mutu. Yau yana wanke-wanke a bayan wani gidan abinci, in ya ji jiniya gabansa ya faɗi. Mahaifinsa ya rasu, ta bidiyo ya ga an ɗauki makara. Kuɗin da yake aikowa bai kai na lokacin da yake jirgi ba.

Yanzu batun kawu. Babba ne, ba zan ce ka ɗaga masa murya ba, amma a wannan magana bai yi maka adalci ba. Mai tura yaro rijiya ba shi ke jin sanyin ruwa ba. Shi zai kwana a ɗakinsa, kai za ka kwana kana sauraren takun ƙafa. In rufin ɗakin Inna ya dame shi haka, ai 'yar'uwarsa ce, bandir ɗaya na kwano bai fi ƙarfinsa ba.

Sai dai kai ma da naka. Me mutanen gida ke gani? Kai ne a kasuwar Funchal ta tsibirin Madeira tsakanin furanni da ayaba, kai ne jirgi na ratsa mashigin Panama a bayanka, kai ne a gindin dutsen Table na Cape Town. Ba wanda ya gaya musu awa uku ka samu a tudu, ka koma da gudu. Ba su taɓa ganin ɗakin wankin da ke can ƙasan jirgi ba, babu taga, tururi na dukan fuska, zannuwan gado sun yi tsibi, ga shi babu Juma'a babu Lahadi har kwantiragi ya ƙare. Ɗauki hoton wannan ɗakin ka tura wa kawu shi kaɗai, ba sai ka rubuta komai a ƙasa ba.

Kuɗin rufi kuma kada ya bi ta hannu uku. Yarjejeniyar ma'aikatan teku ta 2006 ta ba ka damar a riƙa tura wani kaso na albashinka gida kai tsaye. Ka yi ciniki da mai kwano a Ringim da kanka, ka biya shi, kafinta ya je ya ɗauka kafin damina ta faɗi. Ita wannan yarjejeniya ce kuma ta hana a karɓi kuɗin samar wa mutum aikin jirgi, ka riƙe wannan don ranar da kawu zai kawo wani dillalin a kan ƙaninka.

Fita kuwa kada ka daina, halalinka ce. A Fort Lauderdale ka sauka, ka sayi sabulunka, ka kira Inna, ka saita agogonka da na jirgi ka dawo da sauran lokaci. In Allah ya kai ku Cape Town a hanyar dawowa, bar dutsen wannan karon, ka hau unguwar Bo-Kaap ka nemi Masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, mafi daɗewa a Afirka ta Kudu. Ba shi da nisa da tashar jiragen. Lambar mutumin nan kuma ka toshe ta yau, tun kafin ku hango gaɓa.