Amsa: Reshen da na dasa sai tsayi yake yi, ya ƙi yin rassa

Malam, tunda ka ce reshen ya kama amma ya miƙe siriri, yawanci ƙarancin haske ne. Matsar da shi inda zai sha hantsi, a hankali dai, kada rana ta ƙona shi.

Da ya yi ganye shida ko takwas, sa farce ka tsinke kan tohon, dab da saman ganye. Wannan kan ne ke fitar da sinadarin oksin mai danne idanun toho da ke gindin ganye. Ka cire shi, sai su farka su fito da rassa. Su ma tsinke kan tohonsu in sun kai tsawon yatsa. Da ciwo kam, amma daure.

Ruwa kuwa sai saman ƙasar ya bushe, taki kaɗan-kaɗan.