Amsoshin Tambayoyinku: Mod ɗin da ke gyara bayanai a Don't Starve Together

Tambaya: Ina son sayen wasan Don't Starve Together. Ina da PlayStation, ina kuma da wata tsohuwar laftof. A bidiyon da nake kallo, akwai lambobi da ƙaramar taswira a gefen allo, amma wajen abokina babu su. Wanne zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, sayi na Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta intanet, ka sa a laftof ɗin. Abubuwan da kake gani a bidiyo ba sa cikin ainihin wasan da kamfanin Klei na Vancouver ya fitar a 2016. Mod ne, wato ƙarin gyara da 'yan wasa ke rubutawa da kansu su ɗora a Steam Workshop, kyauta. Na PlayStation da Xbox da Switch ba sa karɓar su, shi ya sa allon abokinka yake fayau. Wasan ba shi da nauyi sosai, tsohuwar laftof takan ɗauke shi. Sai dai ka sani, mai Steam ba ya haɗuwa da mai PlayStation a duniya ɗaya, wato filin wasan da ake shiga tare. In wasa da wannan abokin ne babban burinka, to ka haƙura da mod.

Tambaya: Na shiga Workshop na ga dubbai, kaina ya ɗaure. Kullum sanyi ke kashe ni. Da wanne zan fara?

Amsa: Da Combined Status. In guda ɗaya kawai za ka sa, shi ne.

Dalili kuwa, wasan yana ƙirga zafin jikinka a ɓoye. In ya sauka ƙasa da 0 sai ka fara daskarewa, in ya haura 70 zafi ya fara cin lafiyarka, amma ba ya nuna maka lambar. Sai ka ga ƙanƙara ta fara cin gefen allo, lokacin kuwa ka yi nisa da wuta, aikin gama ya gama. Wannan mod yana ajiye lambar a gabanka, tare da na lafiya da yunwa da natsuwa, ba sai ka kai linzami kansu ba. Wilson, ɗaya daga cikin jaruman da ake zaɓa a wasan, yana da 150 na ciki, yana ƙona 75 a kowace rana ta wasan, ranar kuma minti 8 ce. In kana ganin lambar, ka san kwana biyu cif ke gare ka kafin ciki ya koma wayam, sai ka auna tafiyarka.

Yana kuma nuna sauran kwanakin yanayi. A tsarin asali kaka kwana 20 ce, hunturu ya shigo a rana ta 21 ya yi kwana 15, dodon nan Deerclops kuma yakan bayyana wajen rana ta 30. Akwai yanayin wata ma, kuma ba ado ba ne: daren da wata ya cika, aladun da kake ciyarwa kana tinƙaho da su rikiɗewa suke su afka maka. Ni sai da hakan ta faru da ni sau biyu kafin na fara duba sama.

Bayan shi, ƙara Geometric Placement don jera shuka da akwatuna a kan layi. Minimap HUD, mai sa ƙaramar taswira a gefen allo, yana da daɗi, amma shi ne na farko da zan cire in laftof ta fara tsaitsayawa.

Tambaya: Ni ce nake buɗe mana duniya ni da ƙannena uku. Ɗaya ya ce mu sa Insight, ɗaya ya ce wannan maguɗi ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, fara sanin cewa mod iri biyu ne. Uku da na ambata a sama na kwamfutar mutum ne shi kaɗai, ba ruwan kowa. Insight da Show Me da Global Positions kuwa mai buɗe duniya ke kunna su, duk wanda ya shigo sai na'urarsa ta sauke su. Don haka shawarar a hannunki take, kuma ta shafi kowa.

Global Positions ki sa ba tare da dogon tunani ba, yana nuna inda kowa yake a taswira, ku huta da "kana ina?" Show Me yana faɗin abin da abinci zai ƙara da kwanakin da suka rage ya lalace, nan za ki ga cewa ƙwallon nama yana cika ciki da 62.5 amma lafiya 3 kacal yake bayarwa. Insight ya zarce haka, har lokacin zuwan karnuka da manyan dodanni yana faɗa. Ba zan kira shi maguɗi ba tunda bai ƙara wa kowa ƙarfi ba, amma mai ƙorafin yana da hujja: rabin daɗin wasan shi ne faɗuwar gaban da ake ji in an jiyo haushin karnuka daga nesa. In ƙannen sababbi ne, ku ƙetare hunturu ɗaya da Show Me kaɗai. Kada ku haɗa shi da Insight, aiki ɗaya suke yi, rubutu zai cushe allon.

In Klei ya sabunta wasan, sai kika ga wasan ya fara rufe kansa, kashe mod duka, ki riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya har ki kama mai laifin.