Me Ake Iya Cirowa Daga Ɓawon Gyaɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da injin fasa gyaɗa da na matse mai a Maiwurno, jihar Sinnar. Tunkuza da harawa ba sa kwantai, amma ɓawo da jar fatar ƙwaya ƙonawa muke yi. Na ji ana ciro sinadarai masu daraja daga cikinsu. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne, sai dai darajar ta fi taruwa a jar fatar, duk da cewa nauyinta bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na ƙwayar ba. A cikinta ne masani Jacques Masquelier na ƙasar Faransa ya ware sinadaran firo'antosayanidin a ƙarshen shekarun 1940, waɗanda ke jinkirta lalacewar mai da abinci mai maiƙo. Ɓawon waje, wanda ya kai kusan rubu'in nauyin gyaɗa, akasarinsa zaruruwa ne masu tauri, kuma ko da yake yana ɗauke da wani sinadari mai amfani da ake kira lutiyolin, ya fi saurin kawo kuɗi idan an dunƙule shi ya zama makamashi.

Yadda ake cirowa shi ne a busar da fatar, a niƙa, a jiƙa ta a haɗin itanol (wani nau'in sinadarin alkohol) da ruwa bisa matsakaicin zafi, sannan a tace, a ƙafar da ruwan har gari ya rage.

A nan nake roƙon ka da ka natsu. Gyaɗar da fari ya kama gab da girbi, kamar yadda yake yawan faruwa a gonakin damina na Kordofan da Darfur, ko wadda aka ajiye da danshi, takan yi funfuna mai haifar da dafin aflatoksin, wanda ke jawo ciwon dajin hanta. An gano dafin ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar da aka kawo daga Brazil. Haɗin da ke janyo sinadaran kirki yana janyo dafin tare da su, don haka ciro su daga gurɓatacciyar fata tattara guba ne wuri guda, kuma ido ba ya gane ta.

Shawarata, ka tara jar fatar daban a busasshen buhu, nesa da ƙasa, ka kai samfuri ɗakin gwaji a auna dafin kafin ka kashe ko fam ɗaya kan kayan aiki.