Wa Ya Sauya Sunan Wi-Fi Ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. An haɗa mini intanet ta layin tarho, aka ba ni na'urar DSL mai rarraba shi a cikin gida. Na canja kalmar sirrin Wi-Fi da kaina, amma bayan mako biyu sai na tarar an sauya masa suna, alhali ban taɓa komai ba. Ta ina aka shigo, kuma yaya zan toshe kafar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ga dukkan alamu ka kulle ƙofar gida ne ka bar makullin ɗakin ajiya a rataye. Irin wannan rauta tana aiki da kalmomin sirri uku: wadda kamfanin intanet ya bayar domin layin ya haɗu, wadda wayoyi ke shiga Wi-Fi da ita, sai kuma ta shafin sarrafa na'urar kanta. Wannan ta ukun ita ce babba, kuma ita aka fi mantawa da ita.

Na'urori da yawa suna fitowa daga masana'anta da "admin" a matsayin suna, wani lokaci har da kalmar sirri, don haka duk wanda ka taɓa ba wa Wi-Fi yana iya buɗe shafin ya yi yadda ya ga dama. Sakacin ba ƙarami ba ne, domin a 2016 muguwar manhajar nan Mirai ta mamaye ɗimbin na'urori da kyamarori ta hanyar gwada irin waɗannan kalmomi na asali kusan sittin kawai.

Ka juya na'urar ka duba takardar da aka liƙa a ƙasanta, za ka ga adireshinta, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Ka haɗa kwamfuta da ita da kebul, ka rubuta adireshin a burauza, ka shiga sashen gudanarwa ka sanya sabuwar kalma mai tsawo wadda ta bambanta da ta Wi-Fi. Ni na fi son kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna a kan lambar waya ko ranar haihuwa, waɗanda na kusa da kai ya riga ya sani. Daga nan ka kashe damar sarrafawa daga nesa, ka kashe WPS, wato hanyar shiga Wi-Fi da danna maɓalli ko gajeriyar lamba, wanda aka gano rauninsa tun 2011, sannan a tsarin tsaron Wi-Fi ka zaɓi WPA2, ko WPA3 idan akwai. Tsohon tsarin WEP kuwa ya daɗe da zama rariya.

Idan ka tarar wanda ya shiga ya riga ya canja kalmar shafin sarrafawa, sai ka danna ɗan maɓallin da ke cikin ƙaramin rami a bayan na'urar da tsinke na kimanin daƙiƙa goma, domin ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Amma kada ka yi gaggawa, domin hakan yakan goge har da sunan layi da kalmar da kamfani ya ba ka, intanet ɗin ya ɗauke gaba ɗaya. Ka fara nemo su a takardar yarjejeniyarka, ko ka kira kamfanin su karanta maka, kafin ka ɗauki tsinken.