Amsa kan abin da masu hawan dutse na da suke kare kansu da shi

Assalamu alaikum jama'a. Malam, na ji tambayarka, ka ce kafin a samu ƙarafunan nan da masu hawan dutse ke ratayawa a ƙugu, me ke tare mutum idan ƙafa ta zame? To, da farko dai babu komai sai igiya irin ta rama, a ɗaure a ƙugu. Na gaba a cikin masu hawan in ya faɗo da nisa tana iya tsinkewa, shi ya sa dokarsu ita ce na gaba kada ya kuskura ya faɗo.

Wajajen 1910 aka samu sauyi a tsaunukan Alps na Turai. Hans Fiechtl, ɗan Ostiriya, ya ƙera ƙusa mai ido wadda ake bugawa da guduma cikin tsagar dutse. Otto Herzog na Munich kuma ya yi fice da amfani da zoben nan mai buɗewa irin na 'yan kwana-kwana, a maƙala a idon ƙusa a zura igiya. Ba kowa ya yarda ba fa. Paul Preuss, wani gwanin hawan dutse, ya yi ta sukar dogaro da ƙusa, kuma a 1913 ya faɗo ya mutu yana hawa shi kaɗai.

Ni dai mutanen Birtaniya ne suka fi burge ni. Yawancinsu ba sa son ƙusa. Tsakuwa suke zubawa a aljihu, in sun ga inda tsaga ta tsuke su cusa ɗaya, su zagaya mata igiya. A shekarun 1950 sai suka koma noti, eh, notin bakanike, har a gefen layin dogo na dutsen Snowdon a Wales suke tsinta. Su goge zaren cikinsa don kada ya ci igiya. A 1961 John Brailsford ya ƙera na musamman don hawa.

Kuma wallahi su ke da gaskiya. Ƙusa a buga a cire, a buga a cire, tsagar sai ta farfashe ta zama ramuka, haka aka yi wa duwatsun Yosemite a Amurka. Yvon Chouinard, maƙerin da ƙusa ce babban cinikinsa, shi da Tom Frost a 1972 suka fito suka ce a bar ta a koma noti, wanda na baya zai zare da hannu ya bar dutsen yadda ya same shi. A 1978 kuma ƙarfen Ray Jardine mai suna Friends ya shigo kasuwa, mai sifirin ne, yana buɗewa ya kama ko da tsagar ba ta tsuke ba.