'Yan Sanda Sun Sake Shi, Sai Aka Ce Maka Magana Ta Ƙare?

Kai yaro, wannan tambaya taka ta nuna mini har yanzu ba ka san inda kuɗin dillancin 'yan wasa yake mutuwa ba. Ka ce ɗan wasanka da ke Turai ya yi rigima a gidan rawa, 'yan sanda sun kwana da shi, da safe suka sallame shi ba a kai shi kotu ba, kana so ka ji ko shi ke nan, ko kuwa kulob da hukumar ƙwallo suna da ta cewa. Suna da ta cewa mana! Ai su ne ma masu maganar. Ba zan ɓata bakina kan neman lauya da karɓar beli ba, kowane wawa ya san wannan. Idan ba ka sani ba, ka bar sana'ar tun da wuri.

Abin da ya kamata ya shiga kanka shi ne awon alƙali daban, awon hukumar ƙwallo daban. A Ingila kotun laifi ba ta kama mutum sai hujja ta kai inda babu sauran kokwanto. Kwamitin ladabtarwa na FA, hukumar ƙwallon Ingila, kuwa abin da yake dubawa shi ne wane ɓangare ya fi rinjaye, ya yi ko bai yi ba. Da wannan ɗan bambanci mutum zai fito daga kotu yana ɗaga hannu, bayan wata biyu a zaunar da shi a gida. Ka tambayi John Terry. An zarge shi da yi wa Anton Ferdinand kalaman wariyar launin fata a wasan Chelsea da QPR a 2011. Tun kafin a yi shari'a aka karɓe masa kyaftin ɗin Ingila, har Fabio Capello ya ajiye aikin koci kan lamarin. Kotu ta wanke shi a Yulin 2012, a Satumba FA ta dakatar da shi wasa 4, ta ci shi tarar fam 220,000. Mason Greenwood kuma masu gabatar da ƙara da kansu suka janye tuhumar da ake masa a Fabrairun 2023, ba alƙalin da ya ce ya yi laifi, amma bai sake sa rigar Manchester United ba. Aro aka ba da shi Getafe, daga nan aka sayar wa Marseille. To waɗannan manya ne masu lauyoyi a aljihu. Naka ɗan rukuni na biyu wa ya san shi?

Da a ce wani ne ya yi mini tambayar nan da ban amsa ba. Na amsa ne don kalmar nan da ka yi amfani da ita, "sun sake shi", ita ce ta cinye mini fili.

Wani yaro ne mai tsaron baya ta hagu. A filin unguwa na tsince shi, takalminsa ɗaya a ɗinke da zaren buhu. Maraya ne, a hannun kawunsa yake, kuma kawun nan da kansa ya zo har gidana ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ɗanka ne, duniya da lahira." Ni na yi masa fasfo, ni na biya biza da tikiti, ni na saya masa rigunan sanyi. Da kuɗi suka yanke na sayar da filin da na ajiye zan gina wa iyali. Na samar masa gwaji a wani kulob na rukuni na biyu a arewacin Turai, can inda da hunturu rana take leƙowa ta koma. Allah Ya ba shi sa'a suka ɗauke shi, ya yi kakar wasa mai kyau, har wani kulob na rukunin farko a ƙasar da ke maƙwabtaka ya taya. An daidaita farashi, an daidaita albashi, la'adata a ciki ta isa ta dawo mini da filin har da bulo. Gwajin lafiya kawai ya rage.

Sai daraktan wasannin kulob ɗin da zai saya ya kira ni. Ya ce, yaronka ya taɓa samun matsala da 'yan sanda? Na ce sam. Har dariya na yi. Yaron da a gida sahun farko yake sallar asuba? Na ce masa in akwai, ka daina cinikayya da ni. Ya ce to, zan turo maka wata takarda.

Ashe watanni kafin nan yaron ya ari motar abokin wasansa da daddare, ba shi da lasin tuƙi na ƙasar, kuma ya kurɓi abin da bai saba da shi ba. 'Yan sanda suka tsayar da shi, suka sa ya hura na'ura, suka tafi da shi ofis, a daren suka sake shi. Daga baya wasiƙa ta zo masa da tara. Ya sa hannu, ya biya daga albashinsa, ya ja bakinsa ya yi shiru. Bai san cewa a ƙasar sa hannu a wannan takarda amsa laifi ne ba, kuma daidai yake da hukuncin alƙali, yana shiga kundin sunansa. Da sabon kulob ya ba shi fom ana tambayar ko an taɓa kama shi da laifi, sai ya rubuta a'a. Na kira shi jikina yana rawa. Ka san me ya ce mini? "Oga, ai sun sake ni."

Ba giyar ce ta kashe cinikin ba. Turawa sun ga 'yan wasa mashaya iri-iri, da ya faɗa tun farko da tara za a rubuta a kwantiragi a wuce wurin. Ƙaryar ce. Daraktan nan, mutumin da na shekara ina lallaɓa don ya buɗe mini ƙofa, bai sake ɗaukar wayata ba har yau, domin a wurinsa ni ne na rantse kan ƙarya. Kulob ɗin da yaron yake ciki da labari ya kai musu suka yanke masa albashi, suka tura shi atisaye da 'yan matasa. Sabunta takardar zamansa ta tsaya cik. Wa ya ɗauki lauya? Ni. Wa ya hau jirgi ya je ya tsaya cikin ƙanƙara yana ba koci haƙuri? Ni. Kawun kuwa saƙon murya yake turo mini yana cewa muna ta addu'a.

Da ƙyar yaron ya dawo fili, ya kuma dawo da ƙarfinsa. A nan aka nuna mini halin ɗan Adam. Dokar FIFA ba ta yarda yarjejeniyar wakili da ɗan wasa ta wuce shekara 2 ba, sai dai a sabunta. Tawa ta kusa ƙarewa, na tura takarda. Yaro ya ce sai kawu ya gani. Kawu ya ce sai bayan Sallah. Bayan Sallah ya ce sai an yi shawara da dangi, dangin da ko kuɗin motar zuwa ofishin fasfo ba su taɓa bayarwa ba. Wa'adi na cika, sai ga hoto a Facebook, yaro riƙe da rigar sabon kulob, gefensa wani Bature dillali yana yaƙe haƙora. Ko sisi ban gani ba. Na je wurin kawun, na tarar da mota sabuwa a ƙofar gida. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, sai haƙuri, rabonka ne bai tsaga ba." An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Filin nan yanzu wani ya dasa bene a kai, kuma hanyar asibiti ce, dole nake bi ta gabansa.

Saboda haka kafin ka sake tambayata komai, ka kira yaronka ka tambaye shi abu ɗaya: ya sa hannu a wata takarda a ofishin 'yan sanda ko bayan ya fito? Zai ce a'a. Kada ka yarda, ka sa lauya ya bincika. Sannan kulob ya ji labarin daga bakinka, yau, kafin ya ji daga ɗan jarida ko daga bidiyon da wani ya ɗauka a gidan rawar. Ku yaran yanzu kun ɗauka ɓoye abu dabara ce. A zamanin da kowa ke riƙe da kyamara a aljihu?

Sai ka buɗe kwantiragin, in dai ka taɓa karanta shi, don na san irinku shafin albashi kawai kuke dubawa. Akwai sharaɗin ɓata sunan kulob, kuma shi ne wuƙar. A Ingila kulob na iya yanke albashin mako 2 kan laifi na yau da kullum, babban laifi kuwa kora ce. Kuma kora ba ita ce ƙarshen wahala ba. Adrian Mutu an same shi da hodar iblis a jikinsa a 2004, aka dakatar da shi wata 7, Chelsea ta kore shi. Ba ta tsaya nan ba, ta bi shi kan cewa shi ne ya karya kwantiragi, FIFA ta ce ya biya ta sama da yuro miliyan 17, kotun wasanni ta duniya da ke Suwizalan ta tabbatar a 2009. Ka ga mutum an kore shi, kuma shi ake bi bashi. Wani lokaci kuma abin yakan juya. Manchester City ta daina biyan Benjamin Mendy a 2021 bayan an tuhume shi, kotu ta wanke shi a 2023, a 2024 kotun ma'aikata ta ce a biya shi mafi yawan albashin da aka riƙe, ban da na watannin da ya yi a tsare. Amma shekarunsa na tashe sun riga sun tafi, kuma naka ba shi da kuɗin da zai yi shekara yana shari'a da kulob.

Ni yanzu ma faɗan gidan rawa ba shi ne ke hana ni barci ba, caca ce. A caca babu ɗan sanda, babu kotu, halal ce a dokar ƙasarsu, amma ita ta fi saurin zaunar da ɗan wasa. Tun 2014 FA ta hana duk ƙwararren ɗan wasa a Ingila sa kuɗi a kan kowane wasan ƙwallo a ko'ina a duniya. Ivan Toney, lokacin yana Brentford, ya karya wannan doka sau 232, ya sha dakatarwar wata 8 a 2023. A wannan shekarar Newcastle ta sayo Sandro Tonali daga AC Milan da makudan kuɗi, ko wata huɗu ba a yi ba hukumar Italiya ta dakatar da shi wata 10. Kieran Trippier ma bai sa ko kwabo ba, abokansa kawai ya tsegunta wa cewa zai koma Atletico Madrid, su suka yi caca a kai, shi ya sha mako 10 da tarar fam 70,000. Kada kuma ka ce za ka gudu da yaro wata ƙasa, FIFA tana shimfiɗa hukuncin ya bi shi duk inda ya je. Daniel Sturridge yana Trabzonspor a Turkiyya hukuncin wata 4 ya same shi a 2020, kwantiraginsa ya watse. Yanzu ka gaya mini, yaron da ya tashi yana buga caca a waya tun yana sakandare, ka kai shi ƙasar da dare ya fi rana tsawo, shi kaɗai a ɗaki, ga albashi yana shigowa, me kake tsammanin zai yi da yatsunsa? Ni kafin in sa hannu da yaro yanzu sai ya miƙo mini wayarsa na duba. In ya ce sirrinsa ne, ga hanya nan.

A zamaninmu sai ka yi shekaru kana ɗaukar wa maigida jaka kana sauraro kafin ka buɗe baki a gaban daraktan kulob. Ku kuma da kun ci jarrabawar FIFA sai a ɗinka kwat, a ɗauki hoto a filin jirgi, a rubuta "wakilin duniya" a ƙarƙashi. Ka duba ranar da yarjejeniyarka da yaron za ta ƙare. In ta rage ƙasa da wata shida, ya sabunta kafin ka kashe kwabo ɗaya a kan lauya, yanzu da yake cikin tsoro yana kiranka Baba. Idan ƙura ta lafa ba zai tuna lambarka ba.

Kawun can ma ya dawo bara, da ƙanin yaron a bayansa, wai wannan ya fi wancan ƙafar hagu. Ya durƙusa a wurin da ya durƙusa da farko. Na sa aka kawo musu ruwa suka sha, na ce ya kai wa Baturen.